Yadda mai karatu a gida zai ƙarasa darussansa kafin jarrabawa ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba

Masu karatu a gida a nan Legas sun fi yawan da mutane ke zato. Akwai waɗanda aka cire daga makaranta saboda kuɗin firabet ya fi ƙarfin aljihu ta gwamnati kuma aji ya cika maƙil, akwai waɗanda aka dakatar da bokonsu har suka kammala hadda yanzu ake so su kamo tsararsu, akwai 'yan matan da iyaye basa son su dinga hawa danfo biyu kullum kafin su isa makaranta, ga kuma wanda ya gama sakandare amma Turanci ko Lissafi ya riƙe shi yana zaune gida zai sake zanawa. Duk ciwonsu ɗaya ne. Da farko ana karatu da zafi-zafi, sababbin littattafai, an manna taimtebul a bango, sai a yi wata biyu kaga abun ya fara lafawa, yau kaina ke ciwo, gobe babu wuta, jibi an tafi suna Idi-Araba, kafin a ankara saura sati shida kuma rabin silabus ko buɗe shi ba a yi ba.

Ni aikina kenan, lesin gida-gida tsakanin Agege da Ogba har su Iyana-Ipaja, kuma kusan duk gidan da na shiga maganar iyaye guda ce, "Malam yaron nan bashi da himma, ka masa faɗa." Toh faɗa na kwana biyu yake aiki. Abun da muke mantawa shine ɗan makaranta ma ba himma ce ke tashinsa biyar da rabi na asuba ba, tsoron latti ne, da malamar da zata ce kowa ya ajiye aikin gida a teburinta, da abokin zaman da in ya ci 70 kai ka ci 30 kunya ta kama ka. Wanda ke karatu a gida an cire masa duk wannan an barshi da littafi da katifa a ɗaki ɗaya ga waya a gefe, wallahi ko babba aka yi wa haka barci zai yi. Don haka duk abun da zan faɗa a nan yana zagaye ne da abu guda, a samar masa wanda zai karɓi karatunsa kullum a lokaci sananne. In an samu wannan, son karatun yakan biyo baya da kansa da zarar yaro ya fara ganin yana cin tambayoyi.

Amma kafin nan sai an san wace jarrabawa ake tunkara da kuma ranarta, don "bana zaka zana WAEC in sha Allah" ba rana bace. Wanda baya cikin wata makaranta a matsayin ɗan firabet zai zana, wadda muka saba ce wa GCE. WAEC sau biyu take yinta a shekara, ɗaya wajen Janairu zuwa Fabrairu ɗaya kuma can ƙarshen shekara, NECO ma tana da tata ta 'yan waje wajen Nuwamba da Disamba, sai JAMB da galibi take faɗowa wajen Afrilu. Masu bin tsarin Ingila kuwa IGCSE suke zanawa, Mayu da Yuni ko Oktoba da Nuwamba, rajistar ɗan firabet ta hannun British Council ake yi. Shawarata da an buɗe rajista a je a yi, kar a ce bari muga ko zai shirya tukun. Yaron da aka kai kafen intanet aka ɗauki hoton yatsunsa, ya ga Baba ya zaro kuɗi ya biya, aka bugo masa takarda da hotonsa a jiki, daga ranar zaman karatunsa yake canzawa. A kuma duba NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, tun yanzu, JAMB bata rajista sai da shi, in akwai kuskure a suna ko ranar haihuwa gyaran yana cin lokaci.

Da an samu rana sai a ɗauko kalandar takarda irin wadda bankuna ke rabawa a ƙirga satuttukan da suka rage. A ce 20 ne. Cire huɗun ƙarshe, na bita ne zalla babu sabon karatu. Cire satin Sallah in ya faɗo ciki, don kowa ya san ba mai buɗe Kemistiri ana suyar nama. Cire wani satin na abun da ba a shirya masa ba, zazzaɓi, baƙi daga Kano, da sauransu. Saura 14, toh su ne abun da kake da shi, a kansu za a raba aiki.

Sai silabus. Yawancin yara bin littafi suke daga shafin farko, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke karya zuciya, littafi shafi ɗari biyar ka duba kaga 40 ka karanta a wata guda ai dole jiki ya mutu. A bugo silabus ɗin WAEC na kowane darasi, a samo littafin tambayoyin shekarun baya, ana sayar da su a kowane shagon littattafai, sannan a zauna da biro kala uku. Kar a tambayi yaro "ka iya wannan?" don zai ce eh, ko ya ce a'a alhali ya iya. A bashi tambaya biyar a kan kowane babi. In ya ci huɗu ko biyar a sa kore, in biyu ko uku ne shuɗi, in ɗaya ne ko babu a sa ja. Wannan aikin kaɗai zai iya cin satin farko gaba ɗaya kuma ba asara bane, don sau da yawa sai aga abun da ake ta fargaba bai kai yadda ake tsammani ba, kore sun fi yawan da aka zata. A manna takardun a bango daidai inda yake zama. Kuma ni da shuɗayen nake farawa, saboda kwana biyu uku sun isa su koma kore, yaro ya tashi da hannunsa ya canza kalar, ya ja baya ya kalli bangon. Jajaye manya kuwa ɗaya-ɗaya ake shigo da su a sati, in ka tara masa su a farko kwana huɗu zai yi ya gudu.

A nan sai mun faɗa wa juna gaskiya, ba dole bane a gama komai daidai wa daida. Darussa takwas ko tara ake zanawa, jami'a kuma kiredit biyar take nema har da Turanci, galibin kwasa-kwasai har da Lissafi, kiredit ɗin daga C6 ne zuwa sama. Saboda haka waɗannan biyun da sauran ukun da suka shafi abun da yake so ya karanta, su za a ba kaso mafi girma na lokaci. Ko a cikin Lissafin ma akwai sarari, takardar tiyori tambaya 13 ce ana amsa 10, biyar na farko dole ne sauran takwas ɗin ka zaɓi biyar, kenan in akwai babi guda da ya gagara har sati ya ƙare a kansa, a ajiye shi a wuce, kar ya cinye watan. Ranar da na faɗa wa yaro wannan sai kaga ya sauke ajiyar zuciya. Akwai kuma rahoton manyan masu makin da WAEC ke sakawa a shafinta na intanet kyauta, darasi-darasi shekara-shekara, suna faɗin inda ɗalibai suka fi zubar da maki, uwa ko uba ko malamin lesin ya daure ya karanta, yana rage yawo a duhu. Wani abu a gefe, yaranmu na Legas suna cika Hausa a fom suna ganin kiredit ne na banza tunda da ita ake magana a gida. Hausar Zangon Agege daban ta takarda daban, akwai nahawu, akwai ƙa'idojin rubutu, akwai littattafan adabi da aka sanya a karanta, yaron da bai taɓa rubuta ƙ da ɗ ba sai ya ware mata lokaci ita ma.

Taimtebul kuma kar a yi shi da agogo, "ƙarfe 9:00 zuwa 9:45 Fiziks", irin wannan kwana uku yake rayuwa a gidan Bahaushe. A ɗaura shi a jikin salla tunda ita dai ba a fasawa. Bayan asuba zuwa karin kumallo darasin da ya fi wuya, lokacin kai a sake yake gari kuma bai tashi da hayaniya ba. Hantsi zuwa azahar darasi na biyu da na uku, da hutun minti goma a tsakani. Bayan azahar a ci abinci a kwanta, zafin Legas ba a karatu a cikinsa balle watan Fabrairu da Maris. Bayan la'asar wanda ke Islamiyya ya tafi abunsa. Sannan aikin kowane zama a rubuta shi da abun da za a iya ƙirgawa. "Karanta Bayoloji" ba aiki bane, yaro zai iya buɗe littafi awa biyu yana kallon shafi guda. A rubuta "babin narkewar abinci, ka zana hoton ka sa sunaye, ka amsa tambaya goma". In ya gama da wuri ya tashi, lokacin da ya rage nasa ne, kar a ce tunda ka gama ga ƙari. Iyaye suna yawan yin wannan kuma shi ke koya wa yaro jan ƙafa, don ya gane saurin gamawa ƙarin aiki yake jawo masa.

Yanzu ga gundarin maganar. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba ka wanke allo don kawai kai kaji a ranka ka iya, sai ka je gaban malam ka biya ya saurara ya ce wanke, in ka yi tuntuɓe ya ce koma. Abun da karatun gida ya rasa kenan kuma shi za a dawo da shi. Kowace rana bayan isha'i, minti ashirin zuwa talatin, yaro ya rufe littafi ya zo gaban wani ya biya abun da ya koya yau. Ba sai wanda ya iya darasin ba, a nan ne iyaye mata ke janyewa suna cewa "Malam ni ina na san Kemistiri, furamare na tsaya". Hajiya ba koyarwa zaki yi ba, karɓa zaki yi. Da safe yaro zai rubuta tambayoyi biyar da amsoshinsu a wani ɗan littafi ya miƙa miki ki ajiye, da daddare ki tambaya, ko ƙaninsa ya karanto tambayar ke ki saurara.

Akwai wani gida kusa da layin dogo da nake zuwa, ɗaki ciki da falo ne, uwar masa take soyawa da safe. Na taɓa tarar da su a wannan zaman, tana tsintar shinkafar gobe a faranti, fitilar caji a kan bokiti, ɗan autan ya riƙe littafin yana karanto tambaya da ƙyar, yarinyar a tsaye ta harɗe hannu a baya. Ta ce "Umma, zuciya ɗaki huɗu gareta, biyu sama biyu ƙasa, ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu, na hagu kuma ya karɓo daga huhu ya watsa wa jiki, kuma bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi kauri." Uwar ko ɗago kai bata yi ba ta ce "Me ya sa ya fi kauri?" Yarinya tayi shiru, ta ce haka aka rubuta. "A'a ban karɓa ba, je ki dubo." Ta shiga ciki ta dawo ta ce saboda shi ne zai tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu ne kawai nan kusa. Uwar ta ce toh yanzu na ji, ta sa hannu a littafin da biro. Matar nan bata san kalma ɗaya ta Bayoloji da Turanci ba, amma ta san lokacin da mutum ke faɗin abun da ya gane da lokacin da yake maimaita abun da ya haddace, kuma bayanin da yarinyar ta yi da Hausa shi ya nuna ta gane. Daga baya sai ta rubuta shi da Turanci a littafinta tunda da shi za a yi jarrabawar.

Abun lura shine yarinyar nan tun safe ta san za a tambaye ta da daddare, shi ya sa karatun hantsin ya zama na gaske. In uwa bata da sarari, yaya, kawu, maƙwabciya, ko Baba ta waya in yana kasuwa har dare, muryar WhatsApp ta minti uku ma ta wadatar. Sharaɗi dai kar a tsallake, ranar da mai karɓa ya fara cewa bari sai gobe na gaji, yaro ya gane abun wasa ne.

A cikin zaman a dinga haɗawa da na baya, tambaya ɗaya daga jiya, ɗaya daga satin da ya wuce, ɗaya daga watan jiya. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa a awanni da kwanakin farko take faruwa, in an waiwayi abu jefi-jefi sai ya zauna. Amfaninsa ga ƙarfin gwiwa babba ne, don babu abun da ke sa yaro yanke ƙauna irin ya koma babin da yayi wata biyu baya ya tarar kamar bai taɓa gani ba, sai ya ce toh meye amfanin wahalar.

Sai matsalar da ta fi kowace girma a gidajenmu, kuma ba daga yaran take ba. Duk wanda ke gida ana masa kallon wanda bashi da aikin yi. "Tunda kina zaune ɗauraye min kwanukan nan." "Riƙe min ƙaninki in shiga wanka." "Kai je ka sayo gas." "Maza kai wa Babanka saƙo kasuwa, mota ta iso da tumatir babu mai tsayawa." Daga Agege zuwa Mile 12 ka dawo da cunkoson Legas ai wunin ya tafi, ya dawo a gajiye ƙafa duk laka, sannan da daddare a ce bashi da himma. 'Ya mace abun ya fi yi mata yawa, don nata aiken ba ya ƙarewa, ƙanana ne ƙanana amma kowanne sai ya katse mata tunani, ta dawo ta nemi inda ta tsaya ta rasa. Ni kai tsaye nake faɗa, "Alhaji don Allah daga asuba zuwa azahar ka ɗauka yaron nan baya gidan, da yana makaranta ai baza ka je ka ciro shi daga aji ya sayo gas ba." A zauna a gaya wa kowa a gidan har da 'yan uwa masu zuwa kwana biyu. Aikin gida a mayar dashi bayan la'asar ko Lahadi, ba cewa nayi a ɗauke masu gaba ɗaya ba. Shi ma yaron yayi nasa, yayi wanka ya sa kaya kamar mai fita, ya zauna kan kujera ko tabarma da ɗan tebur, karatu a kan katifa da kayan barci ƙarshensa sananne ne.

Waya kuwa a hannun Umma take kwana ta kuma wuni har azahar. In akwai bidiyon darasi da ake buƙata a sauke shi tun dare, a kashe data a bashi ya kalla ya dawo da ita. Ba na tsawaita magana a nan, kowa ya san abun da TikTok ke yi wa awa uku. Wuta ma haka, duk lokacin da aka kawo a jona fitila da fanka mai caji, kuma tunda babban karatun da rana aka tsara shi ɗaukewarta bata zama uzuri ba. In gidan hayaniya ta yi yawa, janareton maƙwabta, lasifika, yara, namiji zai iya neman izinin liman ya zauna a masallacin unguwa da hantsi, wanda kuma yake kusa da Yaba akwai laburaren Herbert Macaulay, ko sau ɗaya a sati ya je, ganin wasu sun duƙufa kaɗai yana sa mutum ya duƙufa.

Kaɗaici yana cin yaran nan fiye da yadda suke faɗa. A nemo masa mutum biyu, kar su wuce uku, masu shirin jarrabawa iri ɗaya, ko da 'yan makaranta ne, su haɗu ranar Asabar a gidan ɗayansu da babba a kusa. Aikin Asabar guda ne, gwajin jarrabawa da lokacinta na gaskiya. A ɗauko takardar wata shekara cikakkiya, a ajiye agogo, ba tashi ba magana, a gama a yi musayar takardu a maka. Insha'in Turanci kalma 450 ake so cikin kamar minti 50, toh kowace Asabar a rubuta guda, wasiƙa yau, muhawara wani satin, labari na gaba. Mai JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60 sauran ukun 40-40, in ka raba daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya, kuma a kwamfuta ake yi, yaron da bai saba riƙe linzami ba a kai shi santar CBT yayi gwaji tun da sauran lokaci. WAEC ma ta fara yi wa 'yan firabet jarrabawa a kwamfuta tun 2024, a duba tsarin wadda aka yi wa rajista. 'Yan kimiyya kuma su sani ɗan firabet a takarda yake amsa firaktikal, amma sai ya san kayan aikin da yadda ake karanta ma'auni da zana giraf, wannan ma a saka shi cikin Asabar. Makin kowane sati a rubuta a jikin kalanda. 38, 41, 40, 47, 52. Yaron da ke kallon layin nan yana hawa ba sai an masa wa'azi ba.

Duk da haka ranar da jiki zai ƙi sai ta zo. Ƙanena, ƙanwata, in ta zo kar ka ce yau ta lalace sai gobe in rama biyu, ramuwar nan bata taɓa yiwuwa, bashi ne ke taruwa har ka ji tsoron kallon littafin. Ka ɗauki tambaya biyar masu sauƙi daga babin da ka iya, ka amsa, ka kai a karɓa, shikenan ka yi na yau. Sau da yawa in ka fara biyar ɗin sai ka zarce. In kuma kwana uku suka wuce babu komai, a koma kan kalanda a gyara rabon, satin nan da aka ware na ko-ta-kwana dama don haka yake. Iyaye kuma don Allah a bar "kalli ɗan wane ya samu A1 shida". Bulala da gori suna sa yaro ya zauna gaban littafi, amma kansa baya wurin. Abun da na ga yana aiki ƙarami ne, duk babi biyar da suka koma kore a saya masa tsire ko a barshi ya je kallon ƙwallo, a kuma faɗa a gaban Babansa cewa yau wane ya gama kaza. Wata rana in an samu hali a ɗauke shi a shiga UNILAG a Akoka ko LASU a Ojo, ba wani abu za a yi ba, ya zaga ya ga ɗalibai da jakunkuna, ya ga masu hijabi suna fitowa daga lakca, yaron da duniyarsa ta tsaya tsakanin ɗaki da masallaci yana buƙatar ya ga inda wahalar zata kai shi.

Barci kar a taɓa shi. Matashi awa takwas zuwa goma yake buƙata, kwanan zaune da kofi da goro da ƙafa cikin ruwan sanyi burga ce kawai, washegari ba abun da ke zama a kai. In azumi ya faɗo cikin shirin, a mayar da babban karatu bayan sahur zuwa hantsi, a rage yawan aikin da kamar kashi ɗaya cikin uku, zaman karɓa kuma ya koma bayan asham.

Idan jarrabawa ta matso za a fara jin masu cewa akwai santa ta musamman, kawo kaza a shigo maka da amsa, ko wani guruf da ke turo tambayoyi da daddare. Banda haramcin abun da kuma riƙe sakamako da WAEC ke yi in ta kama, illarsa tun kafin ranar take farawa, yaron da ya ji Baba na cinikin amsa ya daina karatu daga ranar, don me zai wahala. Ko a wasa kar a yi maganar a gabansa.

Satuttuka huɗun ƙarshe ba sabon babi, duk jan da ya rage a bangon a haƙura dashi. Tambayoyin baya ne safe da hantsi, a bi taimtebul ɗin jarrabawar yadda ya fito, darasin da za a fara zanawa shi ne a gaba. Zaman dare ya ci gaba amma a sassauta, tambayoyin da ya saba faɗuwa kawai. A bugo katin jarrabawa da wuri a yi masa kwafi biyu, a tanadi biro, fensir, abun gogewa, kayan zanen Lissafi da kalkuleta irin wadda aka yarda da ita. Kwana biyu kafin takardar farko a je a ga santar da ƙafa, a daidai lokacin da za a fita ranar, don a san motar da za a hau da inda take tsayawa da yadda hanya take da safe. In santar ta yi nisa, misali kana Agege aka jefa ka Ikorodu ko Ojo, a nemi gidan ɗan uwa a can ya kwana, musamman ranar da takarda ta safe ce ko aka ga hadari, don in ruwa ya sauka a Legas tafiyar awa ɗaya sai ta koma uku.